Sallar La'asar da Muka Yi Sau Biyu

Tun ina yaro nake da waswasi. In na kulle shagona na ɗinki da yamma, ba na yin taku goma sai na dawo na ja kwaɗon, in tabbatar ya kama. In ina alwala wani ya yi mini magana, sai in rasa ko sau uku na wanke hannun hagu ko sau biyu, in koma daga farko. Mutanen unguwarmu sun san ni da wannan hali. Wasu na dariya, wasu kuma na ɗaukarsa tsoron Allah ne, har ta kai in limamin masallacinmu ya yi tafiya ni ake turawa gaba, alhali akwai waɗanda suka girme ni suka kuma fi ni karatu. Ni iyakacina firamare na gama, sai ɗan abin da na ɗauka a zauren malam na hukuncin tsarki da salla. Amma ɗan abin nan na riƙe shi da hannu biyu.

Shekarar da aka sauya hannun tuƙi, motoci suka koma bin dama, ita ce shekarar da na fara ganin Kaduna. Ba don kaina na je ba. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, yanar ido ta fara kama shi, ya ce yana so ya sake ganin garin kafin idon ya rufe gaba ɗaya. Da ƙuruciyarsa ya yi leburanci a can, zamanin Turawa, suna haƙa ramuka a gefen hanya suna dasa itatuwa, suna ɗauko ruwa a garwa suna ba su. Shekara fiye da arba'in yana ba mu labarin itatuwan nan, bai taɓa komawa ya ga abin da suka zama ba. Ni aka zaɓa in raka shi, don an san ba zan manta da maganinsa ba, ba kuma zan bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai ba.

Ɗansa yana can Kaduna, shekara biyu ke nan yana tuƙa tasi, yana zaune a ɗakin haya a Unguwar Dosa. Taubashina ne, don haka tsakanina da shi babu kara. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Liman, kuma yadda yake faɗinsa ko kurma ya san ba girmamawa ba ce. Shi ya tare mu a tashar Kawo da muka sauka, farkon damina ne, an yi ruwa biyu ko uku. Ya durƙusa ya gai da mahaifinsa, ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko na wanke kujerar motar da muka shigo kafin in zauna.

Washegari ya ajiye aiki, ya ce yau motar ta Baba ce. Kawu ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya zauna a gaba, ni ina baya da buta da mayafina da kwalbar maganin ido.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai ga Kaduna ta lokacin ba. A garinmu hanya tana bin gidaje ne, in gida ya tokare ta sai ta kauce. A nan kuwa gidaje ne suke bin hanya. Titi miƙe kamar an ja zare an yanka da almakashi, ka tsaya a wannan kai ka hango ƙarshensa. Ga shataletale, motoci na zagawa, kuma da yake ba a daɗe da sauya hannu ba, kowane direba ya zo wurin sai ya yi ɗan jim kamar mai tuna wani abu. Ni dai salati nake yi a kowane ɗaya. Muka wuce barikin soja, muka wuce wani dogon gini mai kubba wanda na ɗauka masallacin Juma'a ne, har na fara tunanin inda ake ajiye takalma, taubashina ya ce majalisa ce, a nan manya suke zama su yi gardama. Na shiga mamakin yadda za a ɗora kubba a kan ɗakin gardama.

Muka je wani lambu a bakin kogi, inda aka ajiye wata tsohuwar gadar ƙarfe da aka ce daga wani gari Turawa suka kwance ta suka kawo, mutane na hawa don nishaɗi kawai. Kawu ya shafa ƙarfen ya ce ya san ta. Muka yi azahar a wani masallaci kusa da kasuwa, muka ci shinkafa da wake a rumfa. Sai da rana ta ɗan karkata Kawu ya ce to, yanzu a kai shi wurin itatuwansa.

Unguwar Turawa ke nan. Taubashina bai cika shiga can ba, ya ce mutanen wurin kowa da motarsa, ba sa tsai da tasi. Manyan titunan kawai ya sani. Muna shiga hayaniyar gari ta ɗauke, kamar an rufe ƙofa a bayanmu. Maɗatai ne jere hagu da dama, manya, rassansu sun haɗe a sama, muna tafiya a cikin inuwa kamar a cikin soro. Kawu ya ce a tsaya. Ya fita, ya je ya dafa ɗaya, ya yi ƙoƙarin rungumarsa, hannuwansa ba su kai ko rabi ba. Ya ce lokacin da suka sa su a rami ba su wuce gwiwarsa ba, kuma akuya na cin su, har an taɓa yanke masa ladan kwana guda saboda akuya ta cinye biyu a layinsa. Yana faɗa yana dariya, ruwa na gangarowa daga idon da yake ciwon. Ban sani ba ko na ciwon ne.

Shi itatuwa yake gani. Ni kuwa abin da nake gani ya hana ni rufe baki. Gidaje babu katanga, babu zaure, sai wani ɗan shinge na ganye da aka aske shi ya yi daidai da ƙugun mutum. Daga titi kana hango kujerun falo, kana hango matar gida zaune tana karatu. Na rasa inda baƙo zai tsaya ya yi sallama. Na ga wani mutum yana tura wani ƙarfe mai ƙafafu yana aske ciyawa, ɗanya shar, irin wadda a garinmu mai doki zai saya da murna, ya tara ta ya kai bayan gida ya zubar. Na ga ana ba furanni ruwa da tiyo, furannin da ba a ci, ba a miya da su, ba a magani. Wata mota ta wuce mu, mace ce ke tuƙi, kare na zaune a kujerar gaba ya leƙo da kai, harshe waje. Yawancin gidajen ma a lokacin ba Turawa ne a ciki ba, manyan ma'aikatanmu ne suka gaje su, amma ba su gina ko zaure ɗaya ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

A nan la'asar ta same mu. Babu ladan, babu masallaci ko na duwatsu. Ni na fara lura da inuwa, na ce lokaci ya yi. Taubashina ya ce ai sai mu shimfiɗa mayafi nan gindin maɗaci mu yi, Baba ya yi salla a inuwar da ya dasa. Kawu ya ji daɗin maganar. Ni na hana. Na ce na ga kashin kare a gindin na biyu, kuma unguwar da kare yake shiga mota ban yarda da gindin itacenta ba. Muka matsa gaba. Taubashina ya nuna wani fili a bakin kwalbati, na je na duba na ga fasassun kwalabe, na sunsuna ɗaya na ji abin da na ji. Ya nuna gefen wani titi, na ce hanya ce, kuma hanya tana cikin wuraren da aka hana. Na shiga lissafa masa su yadda malam ya koya mana: juji, da mahauta, da tsakiyar hanya, da makewayi, da makwantar raƙuma, da maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba. Da bakina na lissafa, har da na ƙarshen.

"Baba, ka ga bawan Allahn nan," in ji shi, "in muka biye masa sai mun koma Katsina za mu yi la'asar. Liman, ko in kai ka asibiti a shimfiɗa maka farin zanen gado?"

Kawu ya ce a bar ni, mai neman tsarki ba a yi masa gaggawa.

Muka bi wani ɗan siririn layi marar kwalta, ta bayan wasu gidaje. A nan na ga wani dogon shinge mai kauri, da wata 'yar kafa a jikinsa inda ake ratsawa. Na ce a tsaya in leƙa. Da na shiga sai na tsaya cik. Ban taɓa ganin wuri mai tsabta irinsa ba. Ciyawa a aske lif, babu ko tsinke. Wata babbar bishiya mai jajayen furanni ta yi rumfa a kan kusurwar, furanninta sun zubo sun rufe ƙasa kamar an shimfiɗa jan bargo. Ga famfo a gefe yana ɗiga. Gaba kaɗan wani shingen furanni ya tare sauran filin, ban ga abin da ke bayansa ba, ban kuma nema ba. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne wasu falalen duwatsu masu santsi da aka kwantar a cikin ciyawar, kowane tsawon mutum da faɗin tabarma, ɗaya a gaba, uku jere a bayansa. Na dubi rana, na dubi inuwata, na dubi duwatsun. Dukkansu gabas suke kallo.

Na ce a raina, Allahu akbar, ashe ko a nan akwai masu tsoron Allah. Na ɗauka wani mai gida ne ya gyara wa kukunsa da masu yi masa ban ruwa wurin salla, har da na liman a gaba. Na koma da sauri na kira su, ina jin kaina kamar wanda ya ci gardama.

Muka yi alwala a famfon. Na duƙa na duba duwatsun, amma najasa nake nema, ba wani abu ba. Na sunsuna, na taɓa na ji a bushe suke. Furannin da suka rufe su ban share ba, don fure mai tsarki ne, kuma lokaci na tafiya. Na shimfiɗa mayafina a na gaba, taubashina ya shimfiɗa wa mahaifinsa tawul ɗin mota, shi ya hau nasa haka nan. Ya yi iƙama, ya ce, "Bismilla, Liman, yau ka sami masallaci daidai kai."

Da yake ni da Kawu matafiya ne, raka'a biyu na yi na sallame. Taubashina ya miƙe zai cika nasa biyun. Kawu ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, ina jin sautinsa ƙasa-ƙasa yana ambaton iyayensa da abokan leburancinsa da suka rigaya. Ni ina zaune ina tasbihi, idona a ƙasa. Wurin da goshina ya taɓa, mayafin ya ɗan zame, ya ja furannin gefe. Sai na ga wani zane a jikin dutsen, gansakuka ta cika shi. Na sa yatsa na goge. Harafi ne na boko. Na ƙara gogewa, wani ya fito.

Turancina bai taka kara ya karya ba, amma akwai kalmomin da duk wanda ya yi firamare ya sani. Na karanta sunan mutum. A ƙasansa na karanta kalmar da take nufin ya mutu. A ƙasan wannan kuma shekarunsa, ashirin da uku. Na ɗago kai a hankali. Daga zaune, ta ƙarƙashin shingen furannin nan, ana hango abin da ba a gani daga tsaye. Fararen duwatsu ne a tsaitsaye, layi-layi, da gicciye a kan wasunsu.

Kabari nake kai. A kan ƙirjin wani na yi sujada, na kuma ja kawuna da ɗansa suka hau kan wasu biyu.

Na ji sanyin dutsen yana ratsa mayafin yana shiga ƙafafuna, na kasa tashi, na kasa zama. A garinmu kabari tudun ƙasa ne, da 'yan itace da fasasshiyar tukunya, ko yaro ya gan shi ya san shi, ya cire takalmi ya kauce. Ban taɓa jin an ce akwai mutanen da suke aske wa matattunsu ciyawa, su ja musu famfo, su kwantar da su suna kallon gabas ba. Amma rashin sanin nan bai rage mini komai ba a lokacin. Ni na ƙi wuri uku. Ni na zaɓi wannan.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da kuskuren. Na ja mayafin na rufe rubutun. Na jira suka shafa, suka miƙe, suka juya baya suna sa takalma, sannan na naɗe mayafin, na sa ƙafa na turo furanni a kan haruffan. Su biyun babu wanda ya yi boko. In ban faɗa ba, babu mai faɗa musu.

A mota Kawu ya jingina ya yi ajiyar zuciya. Ya ce rabon da ya ji daɗin salla haka ya manta. Ya ce sanyin dutsen nan a goshi, da ƙamshin furen, da shirun wurin, sai ya ji kamar addu'arsa ba ta da nisan tafiya. Ya juyo ya neme ni da idon da ya fi gani.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Da mun biye wa wannan, da a bakin kwalbati muka yi."

Na ce amin. Taubashina ya leƙo ni ta madubi ya ce yau dai Liman ya ci, ba shi da ta cewa.

Mota na tafiya, ni ina kallon rana ta tsakanin maɗatai. Abin da na sani shi ne, sallar da aka yi a irin wannan wuri ana so a sake ta tun lokacinta bai fita ba. Rana ba ta yi ja ba tukuna, amma ta kusa. In na yi magana yanzu, za mu iya sakewa. In na bari ta faɗi, na bar mutum biyu da sallar da ni kaɗai na san inda aka yi ta, kuma ni ne limaminta.

Na shiga gardama da kaina. Wata zuciyar ta ce ai ba su sani ba, wanda bai sani ba babu laifi a kansa, ka sake taka kai kaɗai in an isa gida, ka ce nafila kake yi. Wata ta ce su ba su sani ba, amma kai ka sani, kuma bayanka suka bi. Na tuna tsohon nan ya yi shekara arba'in yana jiran wannan yini, ga shi ya samu, ya kuma ce sallar nan ce ta cika masa shi. In na buɗe baki zan karɓe masa ita. Na kuma tuna da taubashina. Na san kafin sallar layya labarin zai isa garinmu, a majalisa, a bakin kasuwa, a gaban masu tura ni gaba in liman ba ya nan. Ina so in ce tausayin Kawu ne kaɗai ya riƙe mini harshe, amma ba gaskiya ba ne. Tsoron dariya ya fi yawa.

Muka fita daga unguwar, hayaniya ta dawo. Kawu ya ce a bi da shi ta filin sukuwa ya ga ko yana nan. Muka bi. Wasu mutane a kan dawaki suna bin wata 'yar ƙwallo da dogayen sanduna, abin da a wani lokacin da sai na yi kwana uku ina mamakinsa, amma ko kallo na biyu ban yi musu ba. Inuwar dawakan nake dubawa, ta yi tsawo ƙwarai. Na ji zufa na bin bayana alhali iskar damina na shigowa ta taga.

Mun kai Abakpa, daidai wani garejin bakanike, na ga hasken da ke jikin bangon ya fara sauya launi. Ban san lokacin da na dafa kafaɗar taubashina ba, na ce ya tsaya. Ya ce ko fitsari ne, in ma shi ne to a nan babu wurin da zai gamshe ni. Na ce ya tsaya dai. Ya gangara gefe ya kashe mota.

"Kawu, ku gafarce ni," na ce. "Wurin da muka yi salla maƙabarta ce. Ta Turawa. Duwatsun nan kaburbura ne. Na ga rubutun bayan na sallame, na rufe, ban faɗa muku ba."

Taubashina ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, bakinsa a buɗe. Na jira dariyar, ba ta zo ba. Sai ya dubi tafin ƙafarsa, ya ce innalillahi, shi ko tawul bai shimfiɗa ba. Ya ce shi ya san akwai maƙabartar Turawa a can, yana wuce ƙofarta ta babban titi, amma bai taɓa kawowa bayanta ne muka shiga ba.

Kawu bai juyo ba. Yana kallon gaba, hannunsa a kan gwiwa. Ya tambaye ni me aka rubuta a kan nawa. Na ce sunan mutum ne, da cewa ya mutu, da shekarunsa. Ya ce nawa. Na ce ashirin da uku.

"Yaro ne ma," in ji shi.

Sannan ya ce ya tuna. Ya ce a zamaninsu in Bature ya mutu, daga cikin leburori ake ɗibar masu haƙa, shi ma an taɓa ɗibarsa sau ɗaya. Rami mai zurfi suke so, ya fi namu nesa, kuma babu 'yar ƙaramar kushewar da muke kwantar da mamaci a ciki, sai akwati. Ya ce a lokacin wurin fili ne fetal, babu shinge, babu bishiya, sai jar ƙasa da rana, shi ya sa ko kusa bai gane shi ba. Ya ce da yawansu haka suke zuwa, samari, zazzaɓi ya kwashe su kafin su koyi gaisuwa, uwayensu na can wata ƙasa ba su ga ko ramin ba.

Sai ya tambayi ɗansa ko rana ta faɗi. Ya ce da saura kaɗan. Kawu ya buɗe ƙofa ya ce to me muke jira.

A gefen garejin akwai ɗan wurin salla da aka kewaye da bulo guda-guda, da tsofaffin tabarmi biyu da kwali. Ƙasan wurin baƙi ƙirin da man mota, ga kwata na wucewa ta bayansa, ga ƙarar guduma. Da a ce da rana ne aka nuna mini shi, da ko tsayawa ba zan yi ba. Na tsaya a baya na ce taubashina ya shiga gaba, ko mu jira bakaniken ya ja mu. Kawu ya kama hannun rigata ya tura ni.

"Shiga. Kai ka gani, kai ka faɗa. Da ka yi shiru ne da ban ƙara bin ka ba."

Na yi kabbara. Goshina ya sauka a kan kwali mai warin man juye. Muna sallamewa, taubashina na cika nasa, ladanin wani masallaci a cikin unguwa ya fara gyaran murya a lasifika.

A hanyar komawa Unguwar Dosa ne dariyar ta zo. Ta fara kama taubashina daidai wani shataletale, har sai da ya zaga shi sau biyu. Ya ce shi dai abin da yake so ya sani, mamu nawa na ja yau, uku ne har da mai gidan, ko kuwa a lissafa da na bayan shinge. Ya ce a duk limaman ƙasar Hausa ni kaɗai ne na taɓa jan salla aka sami sahu a sama da ƙasa. Kawu ya ce ya yi wa mutane shiru ya kalli hanya, amma na ga kafaɗarsa na motsi.

Labarin ya isa garinmu kafin mu ma mu isa, ta bakin wani direba. An yi dariyar, an daɗe ana yi. Wasu sun daina tura ni gaba, wasu ba su daina ba. Na je na sami malam na faɗa masa komai, har da turo furannin da na yi da ƙafa. Ya ce tunda mun sake a cikin lokaci babu komai a kanmu, in daina tone-tone. Ban daina ba. Na yi wata guda ina tunanin ko ana alwala da ruwan famfon maƙabarta, ko ya kamata mu sake ta ita ma kafin salla ta biyu.

Idon Kawu ya rufe bayan damina biyu. In mutane suka zo gaishe shi, yakan ba su labarin Kaduna: titunan, da gadar ƙarfe, da maɗatan da hannunsa bai zagaye ba. Ba ya kawo zancen maƙabartar, in wani ya kawo sai ya ce an sake, ya wuce. Sau ɗaya ne, muna mu biyu ina ɗiga masa magani, ya ce da ni har yanzu yana jin sanyin dutsen nan a goshinsa, kuma bai san abin da zai yi da daɗin da ya ji a wurin ba, don ya riga ya ji shi. Na ce ni ma ban sani ba, Kawu. Ya ce in na sake zuwa Kaduna in leƙa in ga ko ana share wa yaron nan dutsensa.

Na koma Kaduna sau da yawa bayan nan, sayen yadi da zare. Sau biyu na nemi layin nan na bayan gidaje ban same shi ba. A na uku na bi ta babban titi na sami ƙofar, na tsaya a bakinta na cire takalmi, na rasa irin sallamar da ake yi. Wani tsoho mai ban ruwa ya hango ni ya tambaye ni wa nake nema. Na ce wani ne a kusurwar can, gindin bishiya mai jan fure. Ya dube ni, ya dubi takalman da ke hannuna, ya miƙo mini tsintsiya.